Ranar da Kaura Barmo Ya Faɗi Tauraronsa

A zamanin da Sarki Cindo ke riƙe da Birnin Ƙirya, babu sunan da maƙwabta ke jin tsoro kamar na Kaura Barmo, shugaban rundunar yaƙi. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, zuciyarsa a kusa take ƙwarai. In ka gaishe shi da murmushi ya tambaye ka abin da ka gani a fuskarsa, in ka gaishe shi babu murmushi ya ce raini ne. Ba ya cin abincin gidan kowa, ba ya juya wa kowa baya, kuma bai taɓa barin abokin gaba ya tashi daga ƙasa ba. Sarki na ji da shi, fadawa na kaffa-kaffa da shi. Galadima Nomau kuwa, babban mai ba Sarki shawara, ko sunansa ba ya son ji, don muddin Barmo na riƙe da runduna, maganar Galadima ba ta wuce ƙofar fada.

Mutum ɗaya tak Barmo ya yarda da shi a duniya, shi ne Malam Zangina mai duban taurarin fada. Tare suka yi karatun allo, tare aka yi musu kaciya, a tabarma ɗaya suka yi jinya. Shi kaɗai ke kiran Kaura da sunansa ya kwana lafiya.

To, mutanen Ƙirya suna da wata al'ada a kan taurari, sai ka san ta za ka gane abin da ya faru. Kowane mai sarauta yana da tauraronsa da burujin da aka haife shi a ciki, wato gidansa a cikin taurari, kuma ba mai sanin wannan sai shi da malamin fada. In za a yi masa duba, su biyu ne a kan soro, mai sarautar ya dafa takobinsa ya rantse ba zai faɗa wa kowa abin da ya ji ba. Hujjarsu ita ce wanda aka san tauraronsa an san ranar rauninsa, maƙiyi zai zauna ya jira ta. Saboda haka duk wanda ya furta tauraronsa a bainar jama'a ba ya ƙara jan mutane, a ranar ake kwance masa rawani, ko shi wane ne. Baƙi kan yi dariya in sun ji, amma 'yan gari ba su ɗauki abin da wasa ba.

Wata rana bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, Zangina ya hau soro da Kaura. Ya miƙa hannu yamma ya ce, "Barmo, ka ga jan tauraron can da ke gangarawa? Marrihu ke nan. Tun ranar da aka yanke maka cibiya shi ke mulkin burujinka. Shi ya ba ka zafin hannu, shi kuma ya hana ka barci mai daɗi. Yanzu yana barin gidanka. Juyo gabas. Wancan fari mai haske Mushtari ne, tauraron dattako, shi zai shigo."

Barmo ya ce, "To, sai me? Zan ci Maje ko ba zan ci ba? Abin da ya dame ni ke nan."

Maje ita ce ƙasar da ke hayin gulbi, tsohuwar abokiyar gabar Ƙirya.

Zangina ya yi dariya ya ce, "Kai dai kullum takobi. Ba maganar Maje nake yi ba, taka nake yi. Tauraro in ya sauya gida ba ganima yake kawo wa mutum ba, hali yake neman ya sauya. Ka kai shekarun da ya kamata a ce ana sonka, ba tsoronka kaɗai ake ji ba. Dubi gidanka. 'Ya'yanka in sun ji tarinka a zaure sai su watse kamar kaji sun ga shaho. Haka kake so ka mutu?"

Maganar ta soki Barmo, don gaskiya ce, kuma ba wanda ya isa ya faɗa masa ita sai wannan mutumin. Ya ce, "Me zan yi?"

Zangina ya ce, "Ka koyi haɗiye fushi. Ka ci abincin wanda kake zargi. Babbar cikinsu kuma, muddin Mushtari na gidanka, in Allah ya sa wuyan maƙiyi a ƙarƙashin takobinka, ka ɗaga. In ka zubar da jinin wanda ya riga ya faɗi, tauraron zai juya maka baya, ba kuwa zai dawo ba har ka koma ga Allah."

Barmo ya dafa takobi ya rantse kamar yadda aka saba, suka sauko.

Kada ka ce wasa ya ɗauki abin. Wallahi mutumin nan ya yi yaƙi da kansa fiye da yadda ya taɓa yi da Maje. Mai kula da bargarsa ya bar ingarmansa ya gurɗe ƙafa, kowa ya tabbata yau akwai kwanan kurkuku. Barmo ya tsaya yana huci, jijiyar wuyansa ta miƙe, sannan ya ce a nemo mai ɗori, ya wuce. Ranar da 'yar autarsa ta fara hawa cinyarsa tana jan gemunsa, sai da ya juya kai don kada matansa su ga idonsa ya kawo ruwa. Da Galadima ya gayyace shi sunan jikansa, ya je, ya zauna, ya sa hannu a akushi ɗaya da shi. Gari ya ɗauka, wai Kaura ya zama mutum. Shi ma ya ji daɗin kansa, yana barci har a tashe shi salla, duk inda ya zauna kuma sai ya sa wa Zangina albarka a zuci.

Ana cikin haka, farkon damina, manzo ya shigo fada ƙafafunsa duk taɓo, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, Majawa sun ƙetaro gulbi. Sun ƙone ƙauyukan bakin iyaka, sun kore shanu, Sarkinsu da kansa yana cikin rundunar."

Sarki Cindo ya tara majalisa. Dattawa suka ce a dakata sai kaka, don yaƙin damina yana cin dawaki, yana kuma raba manoma da gonakinsu. Da can da Barmo ya ji haka da tuni ya kira su matsorata, amma ranar sai ya bari kowa ya gama, sannan ya ce, "Zaki, maganar iyayenmu tana kan hanya. Sai dai in muka jira kaka, ba gero za mu girba a bakin iyaka ba, toka za mu tarar. In ka ba ni izini zan tare su tun suna wannan hayin."

Kowa ya juya ga Galadima, don an san duk abin da Kaura ya ce fari shi baƙi zai ce. Nomau ya gyara zaman rawaninsa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yau ba ni da abin ƙarawa. Garkuwar Ƙirya ya yi magana. A ba shi runduna duka, kada a haɗa shi da kowa, don yabon ya zama nasa shi kaɗai."

Barmo ya ji sanyi a ransa, ya ce lalle cin abinci a akushi ɗaya ya yi rana. Kaico, da tsohon Barmo ne da a nan zai tsaya ya tambayi kansa abin da ya sa kura take yi wa akuya fara'a. Sarki ya tambayi Malam Zangina, Malam ya ce sama ta yarda da fita. Aka buga tambura.

Yaƙin bai yi tsawo ba. Barmo ya raba rundunarsa, ya ɓoye maharba a cikin duhuwar da ke gefen mashigi, shi kuma ya fito fili da dakaru kaɗan kamar wanda bai shirya ba. Majawa suka afko masa, ya ja da baya, suka biyo shi, sai ruwan kibau ya sauko musu ta bayan kai. Suka juya da gudu za su ƙetare, suka tarar an yi ruwa a tudu, gulbi ya kawo har ya shafe mashigi. Ga ruwa a gaba, ga masu a baya. Kafin la'asar Sarkin Maje na durƙushe a cikin laka, dokinsa ya mutu, mutanensa sun zubar da makamai.

Sarkin Baka, shugaban maharba, ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, yau Allah ya gama mana da Maje. Ka ba da umarni kawai."

Barmo ya zare takobi ya tsaya a kan Sarkin Maje. Hannunsa na ƙaiƙayi, don mutumin nan ya kashe masa ƙane a wani yaƙi can baya. Ya ji tsohon fushin ya taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye shi kamar mai haɗiyar maɗaci. Ya mai da takobi kube ya ce, "Tashi. Ka rantse za ka mai da shanun da ka kora, kuma ba za ka ƙara ƙetaro gulbin nan da makami ba."

Sarkin Maje ya ɗago kai yana dubansa kamar bai gane Hausa ba. Ya rantse. Barmo ya sa aka nemo musu jirage, aka ƙetar da su. Sarkin Baka ya ce, "Kaura, me za mu faɗa wa Sarki?" Barmo ya ce, "Ni zan faɗa." Bai lura ba tuni wani mahayi daga cikin mutanen Galadima ya zame ya nufi birni.

Da suka iso Ƙirya washegari da hantsi ba kiɗa, ba guɗa, ba wanda ya fito tarye. Dogarai suka ce Sarki na jiransa a majalisa, shi kaɗai. Ya shiga ya tarar an cika maƙil, ya faɗi ya yi gaisuwa, Sarki bai amsa ba. A hannun daman Galadima ya hango Malam Zangina zaune, idonsa a kan tasbaha.

Galadima ya miƙe ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, mu dai tambaya muke da ita. Wannan mutumin tun yana saurayi bai taɓa yafe wa ko ɓarawon akuya ba. Jiya Allah ya damƙa masa wanda ya kashe ɗan'uwansa, ya ƙone mana ƙauyuka, sai ya tashe shi, ya kakkaɓe masa laka, ya nemo masa jirgi. A banza? Kuma mun ga yadda ya bi gari kwanan nan yana sayen zukatan talakawa da fara'a, har gidana ya zo. Mai neman gadon sarauta abu biyu yake buƙata, soyayyar cikin gida da aboki a waje. Ga shi ya haɗa su."

Barmo ya ce, "Zaki, na ci maka yaƙi, na karɓo maka rantsuwar zaman lafiya. In laifi ne barin jinin wanda ya faɗi, na yi shi. Amma gadonka ko a mafarki ban taɓa hawansa ba."

Sarki Cindo ya yi magana a hankali, kamar wanda abin ke yi wa ciwo. Ya ce, "Barmo, ni na ɗaura maka rawanin nan da hannuna, kuma ina so in yarda da kai. Malam, me sama ta nuna a kan ƙasarmu?"

Zangina ya ɗago ya ce, "Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ba na kama suna, al'ada ta hana ni. Abin da zan iya faɗa a fili shi ne, tauraron girma ya kauce daga saman fada, ya je ya tsaya a kan gidan wani mai takobi."

Majalisa ta ɗauki gunaguni. Barmo ya juya wajen Malam. Ya dubi aminin nasa yana jiran ya ƙarasa, ya ce ai ni na umarce shi. Zangina ya mai da kai kan tasbaharsa.

Barmo ya ce, "Allah gafarta Malam, kai ka san dalilin da ya sa na ɗaga takobi. Faɗa musu."

Zangina ya ce, "Abin da ya gudana a kan soro, Kaura ya san hukuncinsa. Ni ba ni da bakin magana."

A nan Barmo ya ga ramin da aka haƙa masa, ya ga zurfinsa. In ya yi shiru, ya tabbata maci amanar Sarki, hauni mai sare kai na jiransa a bakin kasuwa, 'ya'yansa su gaji abin kunya. In ya yi magana, rawani ya tafi. Abin da ya fi ƙona masa rai ba Galadima ba ne, Galadima maƙiyi ne, aikinsa ya yi. Wanda suka kwanta tabarma ɗaya shi ne ya auna tsawonsa ya ba masu haƙa.

Ya miƙe tsaye ya ce, "Zaki, gara in rasa rawani da in mutu kana zaton na ci amanarka. Tauraron haihuwata Marrihu ne. Malamin nan ya ce mini ya fita, Mushtari ya shiga burujina, ya ce in na zubar da jinin wanda ya faɗi..."

Bai ƙarasa ba dattawa suka toshe kunnuwa, wasu suka sunkuyar da kai suna salati. Sarki ya rufe fuska da hannun riga. Galadima ko bai bari ta huce ba, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yanzu ba sauran gardama. Gaskiya ya faɗa ko ƙarya, ya riga ya tsiraita tauraronsa. Gobe labari zai kai kowace kasuwa, kowane boka zai lissafa ranar rauninsa. Wace uwa ce za ta bari ɗanta ya bi shi fagen fama?"

Ba wanda ya ce a tsaya a tambayi Malam ko ya yi wannan umarni. Ka ji Ƙirya, mutum ya tone musu makirci a gaban idonsu, su kuwa abin da ya dame su shi ne ya ambaci sunan tauraro.

Sarki ya ce, "Ba zan zubar da jininka ba, Barmo, saboda abin da ka yi wa ƙasar nan. Amma al'ada ta girme ni, zargin kuma bai wanku ba. A kwance masa rawani. Ya bar ƙasata kafin faɗuwar rana, duk garin da ke ƙarƙashina kada a ba shi masauki. Iyalinsa su zauna, ba mai taɓa su."

Dogari ya zo ya warware rawanin. Barmo bai motsa ba.

A zauren fita ya ci karo da Zangina, ba kowa kusa. Malam ya nemi ya raɓe ya wuce, Barmo ya tare hanya. Takobinsa na rataye, ba a karɓe ba, Zangina kuwa ya ga haka, gumi ya karyo masa.

Barmo ya ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka. Mushtari ya shiga gidana, ko shi ma ƙarya ne?"

Zangina ya ce, "Yana ciki har yanzu. Duk abin da na faɗa maka a kan taurari gaskiya ne, Barmo, kuma ka gyaru, kowa ya gani."

"To, me ya sa?"

Zangina ya ce, "Galadima ya tambaye ni me zai kayar da kai. Na ce muddin kana zargin kowa ba mai iya kusantarka. Ya ce in raba ka da zargin, shi kuma zai sa a ba ni Waziri. Na gaji da hawa soro ina duba wa wasu girma, ni ina nan jiya i yau."

Barmo ya dube shi, ya dubi wuyan nan nasa siriri. Sara ɗaya ya isa. Tsohon Barmo da ya yi shi, dogarai su taru su kashe shi a wurin, Galadima ya huta da su duka biyu. Fushin ya taso, ya haɗiye shi yadda aka koya masa, ya matsa gefe ya ce, "Wuce, Malam. Karatunka ya zauna."

Bai shiga gida ba, don ya san in 'yar autar nan ta riƙe masa riga ba zai iya fita ba. Ya hau dokinsa kai ba rawani, ya ratsa kasuwa, mutanen da suka yi ta yabonsa suna kau da kai. A ƙofar gari mai tsaron ƙofa, wani tsohon dakarensa, ya riƙe linzami yana hawaye ya ce, "Ranka ya daɗe, ina za ka? Gabas da yamma da kudu duk ƙasar Sarki ce, ba mai ba ka ko ruwa."

Barmo ya ce, "Saura arewa."

Tsohon ya saki linzami ya ja da baya, don arewa babu komai sai gulbi, bayan gulbi kuma sai Maje. Da hantsi ƙarya aka yi wa Barmo da aka ce yana da aboki a hayi, amma su da kansu suka toshe masa kowace hanya sai wannan. Bai yi sukuwa ba, bai waiwayi ganuwa ba. Ya tafi a hankali, tafiyar mutumin da ya san kowace ƙofa ta Ƙirya da inda ganuwarta ta yi rauni, wanda kuma yanzu ya iya jira. Kafin rana ta faɗi yana tsaye a bakin ruwa yana kiran mai jirgi.